Bango na Huɗu

Magini ya zo da hantsi, hula a ƙeya,
ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa
kamar mai tayin kankana,
ya ce jaka saba'in, ban da kuɗin ruwa.
Na raka shi har bakin zaure.
A gwangwanin madarar da ke ƙarƙashin keken ɗinkina
jaka goma sha ɗaya ce, da ƴan canji,
da maɓalli biyu da ban san na rigar wa ba ne.

Damina ta tafi ta bar mana tsaraba:
tsaga daga indararo har gindin taga,
faɗinta ya isa ƙadangare ya shiga da baƙonsa.

Cima ta ce, Baba, ai hannu huɗu gare mu.
Shekararta goma sha uku, ba ta taɓa riƙe shebur ba.
Ni ma allura na sani.

Muka ɗebo jar ƙasa can bayan duwatsun Birni
a amalanken Ɗan Gaji,
jaka ɗaya ya karɓa, ya ce saura Allah ya biya.
Ruwa garwa shida.
A Damagaram laka ba ta da tsada, jiƙa ta ne aiki,
na riƙa tsiyaya shi kamar mai auna turare.
Muka cuɗa da ƙafa, da ƙaiƙayi, da kashin jaki,
kwana uku tana ruɓa,
maƙwabta na toshe hanci suna mana sannu da aiki.

Ranar kankare tsohon yaɓe
wuƙa ta yi tuntuɓe.
Ƙarƙashin simintin da yayana ya lafta shekarun baya
sai ga zane, rabinsa ya zube,
gefensa tafin hannu, ƙarami, yatsu a ware,
ɗan autan yatsan a karkace.
Na san karkacewar nan.
Ta sha jan kunnena a kan satar ƙuli-ƙuli,
ta sha shafa mini man shanu a kaushi.
Gwaggo Habsu ce, tun kafin ta zama gwaggon kowa.

Cima ta ɗora nata a kai.
Ya zauna daram.
Muna nan tsaye har aka kira la'asar.

A Kasuwar Dole fenti ya fi ƙarfina,
na sayo farar ƙasa da ƙullin bula huɗu,
na yi burushi da kaba da tsohuwar tsintsiya.
Ba mu da ma'auni, sai ido:
bangon farko ya fito kamar sama bayan asuba,
na biyu kamar rigar da ta sha wanki,
na uku kuwa, hannun Cima ya zarce,
shuɗi har yana ƙara.
Akuyar Ta Malam ta zo ta soshe jikinta,
mako guda tana yawo a unguwa da rabin ɗakina a haƙarƙari.

Akwatin tumatir biyu, ƙusa takwas: ga kanta.
Labule kuwa ƙyallayen da suka rage a shago,
na harhaɗa su dare biyu da fitilar waya,
yanzu duk wanda ya shigo
sai ya gaisa da rigarsa ta sallar bara.

Bango na huɗu ba mu shafa masa komai ba.
Mun toshe tsagar, mun kewaye zanen da sabon yaɓe,
Cima ta danna hannunta a ɗanyen, ƙasa kaɗan da na Gwaggo,
ta ce in sa nawa.
Na ce allura ta ɓata shi. Ta kama shi ta danna.
In an tambaya ina cewa kuɗi ne suka ƙare,
kuma ba ƙarya na yi ba:
dala arba'in ta rage, da maɓallan nan biyu.

Jiya magini ya biyo karɓar wandonsa.
Ya leƙa, ya rufe ido ɗaya,
ya daɗe yana duban kusurwa,
ya ce, Malam Nuri, nan fa ta karkace.

Na ce a gidan nan gado ce.