Akwati Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ina zana duwatsu da alli
a wata makaranta a Tudun Wada,
in ce wa yara: a nan ƙanƙara take kwana.
Su rubuta.
Ni kuwa ban taɓa ganin ta ba sai a kular mai zoɓo.

Yanzu Sahura ta kira daga Rabat:
Baba, kwana goma sha biyu, zo ka ga Maroko.

Na shimfiɗa taswira a tabarma,
kofin shayi ya danne arewa, takalmi ya danne kudu.
Ga teku a hagu, ga dutse ya gitta tsakiya,
ga rairayi can ƙasa, inda gara ta ɗanɗana takardar.
Na auna da yatsu, duka taƙi biyu.
Ta yi dariya: rabin taƙin nan, Baba,
wuni ne cur a mota, da amai.

A Kasuwar Barci, Barau mai gwanjo ya ce,
Malam, sanyi za ka ko zafi?
Na ce duka.
Ya ce wace irin ƙasa ce ba ta tsai da magana?
Ya miƙo kwat mai nauyin ɗan akuya,
na sa ta a rana tsaka, ina zufa, ina taya.

Kilo ashirin da uku aka yarje mini.
A sikelin mai masara na gwada:
kwat, rawani, silifas na bakin ruwa,
kuka da daddawar Sahura.
In na cire kwat, dutse zai rama.
In na cire daddawa, da wane ido zan sauka?

Da yamma nakan tsaya a kan gada
in dubi kogin Kaduna, in rufe ido ɗaya,
in goge wancan gaɓar da tafin hannu.
Wai ina koyon teku.

Larabcina na allo ne, bai san kuɗin tasi ba.
Zan tambaya. Zan ɓata. Zan sake tambaya,
ni da na saba a ɗaga mini hannu.

Abin da ke hana ni barci ba jirgi ba ne.
In na isa gindin dutsen
na tarar bai yi kama da zanena ba,
yara dubu nawa zan nema a garin nan
in ce su kawo littafinsu a gyara?

Na dai jefa guntun alli a aljihun kwat ɗin.