Giram Ɗari Huɗu

A Tuluz, hawa na uku, tagata na kallon kogin Garon,
ni ba na ƙera komai.
Ko ƙusa ɗaya a jikin tauraron nan ba tawa ba ce.
Littafi kawai nake riƙe da shi: nauyin kowa, wutar kowa,
da ranar da kowa ya rantse zai gama.

Wiebke ta kira daga Bremen tun ban kurɓi kofi ba.
Batirinta ya yi ƙiba, tana neman giram ɗari huɗu.
Na ce, Wiebke, giram ba ya tsirowa a ofishina,
sai na cire daga bakin wani.
Ta yi shiru. Ina jin ruwan sama a bayan muryarta.

Ottavio a Turin ya huda ramuka goma sha biyu, sumul.
Mutanen Sebiya su ma goma sha biyu, sumul.
Ranar haɗawa, milimita biyu ta shiga tsakani.
Kowa da gaskiyarsa:
wancan ya bi zane na shida, wannan na bakwai.
Ni ce ya kamata in buga waya ranar Alhamis ɗin,
amma ina asibiti, ɗana ya karye a hannu.
Na rubuta laifina a rahoto. Ban sa maganar hannun ba.

Ƙasa tara muke, kuma "an gama" ma'anarta tara.
Wani an zana yake nufi,
wani an gwada, wani ya dai gaji.

A zaman bita, tsoho Thibault ya ɗora yatsa kan layi ɗaya:
wannan sharaɗin, wa ya nema?
Kwana uku ina bin sawu, takarda bayan takarda,
har na tarar da Solveig, mai binciken ƙanƙara,
wadda ta so ma'auni na biyu shekara takwas da suka wuce.
An soke ma'aunin. An manta da maƙalarsa.
Ita ma ta rasu bara.

Maƙalar giram ɗari huɗu da talatin ce.
Na daɗe ina kallon sunanta kafin na ja layi.

Na kira Bremen da yamma,
na ajiye talatin ɗin, ban gaya wa kowa ba,
na hau kekena, na bi gefen ruwa
in tarar da kantin burodi kafin a rufe.