Madubin Hagu

A Dronero, ƙarshen kaka,
ranar da aka sauko da shanu daga tsauni,
wani mutum ya zo daga Milano da farar safar hannu
da 'yar tocila irin ta likitan haƙori.
Ya ce sunansa Ermanno Vismara,
ya ji labarin babur ɗin Baba.

Na ja ƙofar rumbun ciyawa.
Yana nan inda Baba ya jingine shi shekara shida,
dogo, siriri, ƙugu a ɗage kamar barewa,
jan tanki, tayoyi masu haƙora.
Jemage ne cikin babura, in ji Baba:
na kwalta su ce ba nasu ba ne,
na daji su ce ba nasu ba ne,
shi kuwa inda ya ga hanya, tasa ce,
inda babu, ya yi ta.

Vismara bai ko shafa shi ba. Durƙusawa ya yi,
ya haska lambar inji, ya haska ta jiki,
ya duba littafinsa, leɓe na motsi kamar mai addu'a.
Talatin da ɗaya gare shi a gida, ya ce,
a ɗaki mai darduma, an tsiyaye musu mai,
ba ƙura, ba rana, ba mahayi.
Na ce, to mene ne bambancinsu da gawa?
Ya yi murmushi, ya juya shafi.

Fenti na asali, madalla.
Salansa ta asali, madalla.
Wannan lotsawar a tanki fa?
Na ce saniyar Giraudo ce, daren da haihuwa ta gardame mata.
Baba ya hau tsauni cikin ƙanƙara da jakar magani,
ya fito da maraƙi da ransa,
uwar ta biya ladan da harbi.
Ya ce lotsawa mai tarihi ba ta rage kuɗi.
Ya rubuta.

Madubin hagu ne ya ɓata masa rai.
Ba nasa ba ne, ya ce, na keke ne,
kuma da waya aka ɗaure shi.
Ban gaya masa keken Mama ne ba.
Ban gaya masa Baba ya karkata shi da gangan ba,
ba don motar da ke biye ba,
don ya riƙa ganin fuskata a bayansa,
ko gyangyaɗi ya fara sassauta mini hannu.

Ya nemi ya ji muryarsa.
Sau tara yana buga kik,
gumi ya jiƙa masa kwala, babur ya yi kunnen ƙashi.
Na ce matsa.
Duk bazara nakan ba shi sabon mai, ba wanda ya sani.
A taka a hankali har ya cije,
a saki numfashi,
sannan a sauke nauyi gaba ɗaya kamar mai yanke shawara.
Ya yi tari biyu, ya ɗauka.
Dum, dum, dum,
tattabaru suka watse daga rufi,
Vismara ya cire safar hannunsa bai sani ba,
ya ɗora tafinsa a tanki
kamar mai jin bugun zuciyar doki.

Na sayar.
Rufin gida yana yoyo a wuri uku,
abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta
ai ya fi wutar zafi.
Kafin su tura shi cikin mota
ya warware wayar, ya miƙo mini madubin:
wannan ba na buƙata, Nives, yar da shi.

Yana nan a tagar kicin, a karkace yadda yake.
Da safe in ina dafa kofi
nakan ga rabin fuskata a ciki,
da furfurar da Baba bai gani ba,
da hanyar tsauni a bayana,
tana hawa ita kaɗai.