Sai Allura Ta Kwanta

Kafin rana ta leƙo ta bayan Bilbis
na riga na durƙusa a gindinta,
kwampiresa mai fenti ruwan ɗorawa,
taya biyu, hanci ɗaya na jan ta.
Na daidaita mata zama, ba a gangare ba,
na tokare kowace taya gaba da baya.
Ƙasar Adar ba ta rowar dutse.

Na zaro sandar mai, na shafe a tsumma,
na mayar, na sake zarowa,
don karon farko ƙarya take yi.
Ruwan lagireto da sanyinsa ake gaishe shi;
wanda ya buɗe shi da azahar
fuskarsa ce za ta ba da labari.
Na danna bel da babban yatsa.
Na fito da matatar iska na karkaɗe,
jar ƙasar jiya ta zubo kamar yaji.
Can ƙasan tanki akwai ɗan famfo,
na murɗa, ta yi fitsarin dare,
ruwa da tsatsa.

Arzika na hamma, idonsa kan butar shayi.
Ya ce, maigida, ai jiya ma mun duba.
Na ce, jiya ma ka ci tuwo.

Tankari ne ya koya min.
Shekara goma sha tara yana fasa dutsen Tawa,
ko farce bai taɓa bari a rami ba.
Wata Alhamis, a ramin bututun hanyar Konni,
yaro ya zo da gudu: matarka na naƙuda.
Ya kashe inji.
Ya kama mahaɗin tiyo ya murɗa.
Inji ya yi shiru,
iskar cikinsa ba ta yi ba.
Tiyo ya miƙe kamar gamsheƙa mai kan ƙarfe.
Ranar suna an raɗa wa ƴar Hadizatu,
ubanta na kallonta da ido ɗaya.

Yanzu albasa yake kasawa a bakin tasha.
In na wuce ba ya tambayar iyali,
sai ya ce, ka ɗaure mahaɗin da waya?
Na ɗaure, Tankari.
Sau biyu.

Na tayar da ita, na bar ta ta yi gyaran murya
kafin in ɗora mata kaya.
Hayaƙinta na juya wa rami baya,
akwai mutane huɗu a ciki masu huhu.
Auduga a kunne, gilashi a ido.
Marto ya fara yi wa dutse gardama,
haƙorana na amsawa.

Da hantsi mai kwangila ya zo a babur:
zuba mata gazuwal tana tafiya, lokaci kuɗi ne.
Na kashe ta. Na jira ta huce.
Ya duba agogo, na duba gajimare.
Shi yana da wani injin a Wadata,
ni fatar nan kaɗai gare ni.

Da la'asar na hango Arzika
ya juya bakin tiyo kan wandonsa zai kakkaɓe ƙura.
Ban san lokacin da na tsallake ramin ba.
Wannan ba iskar mafici ba ce, yaro,
ɗaurarriya ce, tana jin haushi,
ƙaramin ƙurji ya ishe ta ƙofa.

Magariba ta kawo jiki.
Na sauke mata kaya, ta ɗan yi numfashi a banza,
sannan na murɗe makulli.
Na buɗe famfon iska, ta yi tsaki mai tsawo
har awakin maƙwabta suka watse.
Allura na saukowa, bakwai, biyar, uku,
ta tsaya tana shawara a kan ɗaya.
Arzika ya miƙa hannu wajen mahaɗi,
ban ce komai ba.
Ya dubi agogon.
Ya mayar da hannunsa bayansa.