Ɓarawon Da Ya Ƙi Zuwa

Shekara ashirin da uku ina gadi a Kantin Kwari,
ni da benci, da gora, da tocila mai batir uku.
Ba a taɓa fasa shago a layina ba,
ko ƙyallen atamfa bai yi ƙafa ba.
Ɓarawo ɗaya ne ya dame ni,
wanda ba ya haura katanga, ba ya ɓalle kwaɗo:
barci.
Na yaƙe shi da goro, na yaƙe shi da shayin Ɗanliti,
na watsa wa fuskata ruwan randa a tsakiyar sanyi,
na mintsini cinyata har ta yi tabo.
Na ci shi da yaƙi. Kaicona.

Bara Sagiru ya ce, "Baba, ya isa haka."
Ya sayo katifa mai kauri,
ya ɗaura mini fanka a ɗakina na Kurna.
Ga shimfiɗa, ga matashi, ga ƙofa a buɗe,
sai ɓarawon ya ce ya tuba.

Ƙarfe ɗaya, tirela na nishi a titin Katsina.
Ƙarfe biyu, janaretan gidan burodi ya yi tari ya mutu.
Na san karen da ke fara haushi,
na san jaririn gidan Malam Hudu
sau biyu yake farkawa, uwarsa sau uku.
Na ƙirga azarar rufi, na ƙirga bashin da nake bi,
na ƙirga abokan da suka riga ni kwanciya,
kwanciyar da ba a juyi.
Nan na daina ƙirga.

An ce dare mahutar bawa.
A tambayo mini wane bawan.

Likitar asibitin Murtala, yarinya ce sa'ar Barira,
ta ce in bar goro daga la'asar,
in bar gyangyaɗin hantsi a gindin darbejiya,
in juyi ya ishe ni in tashi, kada in yi kokawa da katifa.
Na bar goro, bakina ya yi maraici.
Na sha madara da zuma,
na tofa addu'a a tafi na shafe jiki.
Zuciya ta kwanta,
ido ya ce shi ba da shi aka yi ba.

Tasalla ce ta gano bakin zaren.
Ta leƙo wani dare ta same ni ƙur kamar mujiya,
ta ce, "Malam, yaushe ka ga ɓarawo ya amsa gayyata?
Inda ake tsaro yake zuwa."
Ta jawo benci tsakar gida,
ta miƙo tocila da tsohuwar gorata,
ta nuna keken jikana jingine da bakin rijiya:
"Ga amana. In ya ɓata, kai za ka biya."

Na zauna, na gyara hula.
Na haska lungu, na haska bayan randa,
na ce yau ko sauro sai da izini zai wuce.
Na ji tirelar ƙarfe ɗaya.
Janaretan kuwa, ban halarci mutuwarsa ba.

Kiran assalatu ne ya dafa mini kafaɗa.
Tocila a ƙasa, batir ya ƙare,
wani ya lulluɓe ni da zane mai ƙanshin daddawa,
wuyana ya ƙage, keke na nan.
An yi mini sata tsaf, awa huɗu cur,
ban ga ɓarawon ba, ban kuma kai ƙara ba.

Ba kullum yake zuwa ba, kada in yi muku ƙarya.
Wani daren ni da taurari muke raka juna har asuba.
Amma na daina zaginsa.
Ina zaune ina gadin keken yaro
mai taya ɗaya ba iska,
ina yi kamar ban san yana bayan katanga ba.