Zazzaɓin Kwamfuta

Wata tara ina ɗinkin wuyan riga a Nima,
sidi kan sidi a gwangwanin madara.
Yau na sauka a Sakul, kuɗin na cikin safa.

Boakye ya jera su kamar kifi a bakin teku.
Ga siririya, in ji shi, sai ka manta tana jakarka.
Na ce ba takardar neman aiki zan rubuta ba,
mota zan tuƙa a birnin da babu shi,
kuma ban son hoto ya yi i'ina a kan kwana.

Ƙanena Mumuni ya san sunayen kayan cikinsu,
yana jero su kamar ɗan kamasho.
Ni dai na kunna wasan, na ba shi minti ashirin,
na sa tafin hannu a ƙarƙashin kowacce
yadda Inna ke taɓa goshinmu da dare.
Siririyar, zazzaɓi ya rufe ta.
Mai fitilu kala-kala sai haki.

Can gefe wata baƙa, nauyin dutsen guga,
murfi a karce, harafi ɗaya ya fita,
wani a wata ƙasa ya gaji da ita.
Fankarta na gurnani, jiki kuwa lafiya lau.
Boakye ya rantse da kakarsa. Na rage ɗari uku.

Ban gama zagayen farko ba aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi ihu baki ɗaya.
Ɗaki duhu, sai fuskar Mumuni, shuɗiya:
Batir bai mutu ba, Yaya,
taka totur.