Rodi da Wandarin

Ƙamus ɗin ba shi da bango.
A Tamina na saye shi, kusa da masu gwanjon rigunan sanyi.
Daga B ya fara; wani ya hura gawayi da A.
Ladifa ke riƙe da fitila, ni ina bin layi da yatsa,
yatsan da tsatsa ta daɗe da yi wa lalle.

Shekara goma sha tara ina lanƙwasa rodi,
na ɗaure ginshiƙan rabin Dogon Dutse da waya,
ban san sunan nan baƙo ba ne,
a jirgin ƙasa ya zo,
ya ari wasalinmu ya rataya a wutsiya.

Karanta mini, Ladifa.
Ta ce, Baba, kalma ɗaya ce, ɗakunanta ne da yawa.
Sanda ce siririya, ta ƙarfe ko ta itace.
Tsumagiya ce a hannun malami.
Gorar masunci ce mai zare da ƙugiya.
Na ce, rowar suna ke nan.
Mu kulki daban, kwagiri daban,
ba a kai kandiri gona, ba a jifan zomo da taɓarya.
Ta ce, da saura: ma'aunin ƙasa ce,
ƙafa goma sha shida da rabi.

Nan na ce ta dakata.
Kakanki Tsalha ya ɗauki irinta a filin kuza na Bukuru,
fenti ja da fari.
Bature ya leƙa ta madubi ya ɗaga hannu,
Tsalha ya ƙame kamar shuri,
ana auna gonar Da Pwajok ta kan kafaɗarsa.
Gonar yanzu kududdufi ce, ruwa kore shar,
duk damina sai ta ci akuya.

Shafi biyu baya, ga romin,
wanda ya lashe mini kati ranar da na tsallaka Maraɗi.
Ashe asalinsa yawo ne kawai, irin na dabbar da ba tirke.

Sai na ce ta nemo mini wandarin.
Ƙarfe ɗayan dare, Farin Gada,
na taso daga zuba dakin, siminti har gira,
kofur ya haske ni ya rubuta ta.
Kwana biyu a bayan kanta, da kuɗin buhun dankali.

Ta samo ta can wajen ƙarshe:
tafiyar da ba ta nufi ko'ina ba.
Ana faɗa wa gajimare. Ana faɗa wa kogi.
Ana faɗa wa hankalin tsoho in zance ya kuɓuce masa.
Akwai wata ta tunkiyar da ta bar garke,
wata ta kura a bayan gari,
wata ta mai hali bayan la'asar, hannu a aljihu.
Na ce, wannan mun san ta:
nasu shan iska, namu gararamba.

Amma ni gida na nufa, Ladifa.
Ke ce ma ke zazzaɓi a daren.

Ba ta ce komai ba. Fitila ta fara lumshewa.

Da asuba zan fita aiki, Jauro Bakari ya wuce da shanu,
sanda gicciye a wuya, hannaye rataye a kanta,
kalmomin nan biyu a jikin mutum ɗaya.
Na ce, ina aka nufa?
Ya nuna gabas da haɓa.